Ku Tambayi Matafiyi: Kwana 52 da Gida a Bayana

Tun da na ba da labarin tafiyar ƙafar da na yi a tsaunukan Firenis, waɗanda suka raba Faransa da Sifaniya, wasiƙu ba su daina shigowa ba. Ga wanda bai ga wancan rubutun ba: hanya ce da Faransawa ke kira GR10, ta tashi daga garin Hendaye a bakin Tekun Atlantika, ta dire a Banyuls a bakin Bahar Rum, tsawonta kimanin kilomita 900. Na yi ta cikin kwana 52, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, da tantina da tukunyata a baya. Abin da ya ba ni dariya, kusan babu wanda ya tambaye ni kyan duwatsun. Duk tambayoyin na ƙafa ne, da ciki, da makewayi. Ban ga laifinku ba, don ni ma su suka fi cin hankalina a can. Na zaɓi kaɗan, na kuma rage tsawon wasu.

Tambaya: Malam, ni abin da na kasa ganewa shi ne, me mutum yake yi tun safe har dare? Tafiya kawai, har kwana 50? (Wani malamin makaranta mai ritaya)

Amsa: Ranka ya daɗe, ai tafiyar ce mai sauƙin, hidimar da ke kewaye da ita ce aikin.

Ina farkawa wajen ƙarfe 5 da rabi. Ba agogo ke tashina ba, sanyi ne. Gab da fitowar rana sanyin dutse ya fi cizo, ko da a tsakiyar Yuli ne, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan maki 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya baro kwari da yamma yana sharce gumi, ya kwana a mita 2,200, zai wayi gari yana hura hannu. Aikin farko, tun kana cikin buhun barci, ka zuge ƙofar tanti ka kunna ɗan rishon gas a waje, ba a ciki ba, ka ɗora ruwan shayi. Aiki na biyu, wanda na fi tsana a duk tafiyar, ka zura ƙafa cikin safar da ka wanke jiya ba ta gama bushewa ba.

Sai naɗe gida. Tanti yakan kwana ya jiƙe ko ba a yi ruwa ba, raɓa daga waje, tururin numfashinka daga ciki. Haka za ka naɗe shi yana ɗiga, ka cusa a aljihun wajen jaka, sai rana ta take ka shanya shi a kan dutse kana cin abinci. A makon farko haɗa kaya yana cin mini awa ɗaya da rabi. Zuwa mako na uku ya koma minti 40, don kowane abu ya san gurbinsa, ko a duhu hannu zai kai gare shi.

Ƙarfe 7 na kama hanya. A nan ne mai lissafin fili yake shan kunya, don a dutse da awa ake auna tafiya, allunan hanya ma awa suke rubutawa. Akwai wani tsohon ma'auni da William Naismith, mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, ya kawo a 1892: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Wato kilomita 15 da hawan mita 1,200, awa 5 ke nan. Sai dai ma'aunin na ƙaƙƙarfa ne, kuma ba a sa hutu a ciki ba. Ni da kayana, irin wannan yini awa 7 yake ci, wani lokaci 8.

Fasalin yinin kusan ɗaya ne kullum. Ka fara hawa cikin kurmi, duhu-duhu, ƙasa da laima. Itatuwa su ƙare, ka fito filin ciyawa inda shanu da dawaki ke kiwo da ƙararrawa a wuya. Ciyawa ta ƙare, sai tsakuwa da tarin duwatsu. Can sama sai mashigin da ke tsakanin ƙololuwa biyu, inda hanya ke tsallakawa zuwa kwari na gaba. Duk wannan lokacin ido yana farautar alamar hanya, fenti fari da ja, layi biyu ɗaya bisa ɗaya, a jikin dutse ko itace. In ka ga an gicciya su, ana ce maka ba nan ba ne. In ka yi minti 10 ba ka ga alama ba, koma wurin ta ƙarshe da ka gani. "Bari in ƙara gaba kaɗan" ta taɓa cin mini awa biyu a cikin hazo.

Dutse kuma ya iya yaudara. Ka hango tudu ka ce ga ƙarshen hawan nan, ka ja jiki ka isa, sai ka ga wani ya leƙo ta bayansa. Akwai ranar da aka yi mini haka sau huɗu a jere. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sammakon nan ba son wahala ba ne, gudun hadari ne. A lokacin zafi rana tana gasa gangaren dutse, iska mai laima ta tashi sama, zuwa azahar gajimare ya fara tattaruwa, kafin la'asar ka ji gurnani. Saboda haka duk dabarar yini ita ce ka tsallake mashigi tun ƙarfe 1 ba ta yi ba.

Wajen ƙarfe 4 ko 5 sai neman makwanci: wuri shimfiɗaɗɗe, kusa da ruwa amma ba a bakinsa ba, ba a hanyar da ruwa zai bi in an yi sama ba, ba kuma a kan tudun da iska ke duka ba. Samun wurin da babu kashin shanu ma wani aiki ne. A cikin gandun da gwamnatin Faransa ta keɓe a tsaunukan tun 1967, doka ta yarda ka kafa tanti daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 9 na safe kawai, kuma sai ka yi nisan tafiyar awa ɗaya daga titin mota. Daga nan sai ɗebo ruwa, tace shi, wanke safa, duba ƙafa, girki, duba taswirar gobe. Ƙarfe 9 na yi barci. Masu irin wannan tafiya a Amurka suna kiran ƙarfe 9 tsakar daren matafiyi, kuma gaskiyarsu.

Kyan wurin fa? Yana nan. Akwai safiyar da na ga hoton dutsen Ossau ya kifa a cikin ruwan tafkin Ayous, ruwan ko motsi ba ya yi. Na tsaya minti 5, sannan na tuna ban cika gorata ba.

Tambaya: Yaya, ni ƙaƙƙarfa ne, ina ɗaga ƙarfe. Na auna kayan da zan tafi da su sun kai kilo 22. Ai babu damuwa ko? (Wani ɗalibin jami'a)

Amsa: Ƙanena, akwai damuwa. Ɗaga ƙarfe sau goma ka ajiye daban, goya shi awa 8 yau da gobe da jibi daban. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14, har da ruwa da abinci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, abincin yini guda kuma yana kusan kaiwa kilo. In ka ɗauki lita 2 da abincin kwana 3, kusan kilo 5 sun tafi, saura 9 na gidanka gaba ɗaya.

Ba wa'azi nake maka ba, ni ma da kilo 19 na tashi. Tuddan farko na yankin Bask, inda hanyar ta fara, ba su da tsayi sosai, La Rhune da ake yawan ambata mita 905 ne kawai, amma ga zafi ga laima. Kafin in isa garin Saint-Jean-Pied-de-Port kafaɗuna sun yi jini-kwance. Na zarce gidan waya na zazzage jakar a ƙasa, na aika da kilo 4 gida: littattafai biyu, wando na uku, tukunya ta biyu, babban tawul, madubin hangen nesa, da wata 'yar kujera mai naɗewa. E, kujera. Ku yi dariyarku. Duk kayan "ko da" ne: ko da na gaji da zama a ƙasa, ko da na so in yi miya daban. Ka zazzage taka jakar, duk abin da hujjarsa ta fara da "ko da", ka tuhume shi.

Nauyi na gaske yana cikin jakar kanta, da tanti, da buhun barci da shimfiɗarsa. A nan ake rage kilo, ba a yanke mariƙin buroshin haƙori ba. Tufafi kashi biyu sun isa: na tafiya, da na barci wanda za ka ƙulle a leda ka kare shi daga ruwa kamar ranka. Ka guji auduga, tana shan gumi ta riƙe, in iska ta buso a sama ta zame maka ƙanƙara a jiki. Ulu ko yadin roba sun fi. Kaya masu nauyi su jingina da bayanka a tsakiyar jaka, ka ɗaure bel ɗin ƙugu tamau, don ƙugu ne ya kamata ya ɗauki kayan, kafaɗa ta daidaita kawai.

Waɗanda ba a taɓawa ko jaka ta kai nawa: rigar ruwa, rigar ɗumi, taswirar takarda, kamfas, tocila, usur, da ɗan ƙunshin magani.

Tambaya: Malam, ni da maigidana za mu yi tafiyar kwana 10 ta kewaya dutsen Mont Blanc wata mai zuwa. Na sayi sabon takalmi mai kyau, na adana shi a kwalinsa kada ya tsufa kafin ranar. Amma ina tsoron bororo. (Wata ma'aikaciyar jinya)

Amsa: Hajiya, don Allah ki fito da shi yau ɗin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hanyar da za ku bi kimanin kilomita 170 ce, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, jimlar hawanta kusan mita 10,000, saukarta ma haka. Ki sa takalmin kullum daga yanzu, da irin safar da za ki tafi da ita, da jaka a baya, ki nemi matattakala ki hau ki sauka. In zai cije ki, gara ya cije ki a inda za ki iya cire shi.

Kin fi ni sanin yadda bororo ke samuwa: guga, da zafi, da laima su haɗu, saman fata ya rabu da na ƙarƙashi, ruwa ya cika tsakani. Abin da aikin asibiti ba zai nuna miki ba shi ne yadda ƙafa ke kumbura bayan kwanaki ana tafiya. Takalmin da ya yi miki daidai a kanti zai matse ki a kwana na huɗu. Ki tabbata akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarki da bakin takalmi. Mutane hawa suke tsoro, alhali gangara ce mai ɓarna. Saukar da na yi daga tudun Superbagnères zuwa garin Luchon, kusan mita 1,200 a tashi ɗaya, yatsuna suna dukan bakin takalmi a kowane taku, ita ta cinye mini farce biyu. Sun yi baƙi, bayan wata guda suka fita. Ki yanke farce kafin tafiya, ki ƙara ɗaure igiya a wuyan takalmi kafin kowace doguwar gangara, ki kuma riƙe sanduna biyu saboda gwiwa.

Kafin bororo ya fito yakan yi sallama: wani ɗan zafi a wuri guda, kamar an ɗora garwashi ƙarami. Da kin ji, ki zauna a nan take, ki cire takalmi, ki manna filasta. A kwanana na uku na ji wannan zafin a diddigen dama, amma ina tare da wasu samari biyu da muka haɗu a hanya, na ji nauyin in ce su jira dattijo. Minti 10 da na ƙi ɓatawa, kwana 9 na yi ina biyansu da ɗingishi. Samarin kuwa washegari suka wuce, ban sake ganinsu ba.

Da rana in kin zauna cin abinci, ki cire takalmi da safa, ƙafa ta sha iska. Safa biyu ki riƙa juya su, ɗaya a ƙafa, ɗaya a maƙale a bayan jaka tana bushewa. In bororon ya riga ya fito kuma ƙarami ne, ki rufe shi ki ƙyale. In babba ne yana hana taku, a huda gefensa da allura mai tsabta, a matse ruwan, a bar fatar a wurinta. Ja mai yaɗuwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, wannan kuma ba sai na gaya miki ba, sauka ake yi a nemi likita.

Tambaya: Me kuke ci? Kuma ruwan ƙoramar dutse da muke gani a hoto garai-garai, ai ba sai an tace ba? (Wani mai karatu)

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da ruwan, don shi ya fi kwantar da mutane. Garai-garai ba ya nufin tsabta. Kusan duk inda akwai ciyawa a tsaunukan nan akwai garke a sama da kai, kuma abin da suka zubar ƙorama yake gangarowa. Akwai wata ƙwayar cuta, jiyadiya, da ke kawo gudawa da kumburin ciki, ba ta kuma nuna kanta sai bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin ka manta ma a wace ƙorama ka sha. Ni ɗan matacin ruwa nake ɗauka, irin wanda ake matsawa da hannu, da ƙwayoyin tsarkake ruwa saboda ranar da matacin ya toshe. In tafasawa za ka yi, minti ɗaya ya isa, amma sama da mita 2,000 a ba shi minti 3, don a can ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. Idon ruwan da ke ɓulɓulowa daga cikin dutse, babu kiwo a samansa, shi kaɗai nake sha kai tsaye. Akwai kuma wuraren da babu ruwan sam, kamar yankin La Pierre Saint-Martin, inda dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, duk ruwan sama ƙasa yake shigewa. Ranar lita 3 na goya. Taswira ce ke gaya maka wannan tun daren jiya.

Abinci kuwa, mai tafiya da kaya a dutse yana ƙona kalori 3,000 zuwa 5,000 a yini, kuma da wuya ya iya ɗaukar abin da zai maye su. A makon farko gajiya ke toshe ciki. Daga mako na uku sai wata yunwa ta sauka wadda ban taɓa sanin irinta ba, ka gama ci kana tunanin ci na gaba. Duk da haka kilo 6 na zubar.

Ana sayen guzuri a ƙauyukan kwari, duk kwana 3 zuwa 5. Da safe garin hatsi da madarar gari da shayi. Da rana burodi da cuku, sau da yawa cukun tumaki da ake saya a bukkokin makiyaya. A aljihu gyaɗa da zabibi da cakulan, ana ci ana tafiya. Da dare kuskus, ba don ina sonsa ba, sai don ruwan zafi kawai yake buƙata, ka zuba ka rufe minti 5, gas ɗinka ya daɗe. A kansa nake tuttula man zaitun, don giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na gari ko sukari 4 kacal. Wanda ke goyon abincinsa dole ya iya wannan lissafin.

Ka kuma san kwanakin mako. Kantunan ƙananan ƙauyuka suna rufewa da tsakar rana, ranar Lahadi da yamma kuwa ba a maganarsu. Na taɓa saukowa wani ƙauye ranar Lahadi ƙarfe 1 saura, na tarar an ja ƙofa. Rabin ƙunshin kuskus da gutsuren cuku na lallaɓa har Litinin.

Tambaya: Gafarta Malam, tambayar da kunya, amma ina ake kewayawa? Wanka fa? (Wata uwa)

Amsa: Babu kunya, Hajiya, kowa ita yake so ya yi, ke ce kika yi ƙarfin hali. Ana ɗaukar ɗan ƙaramin shebur mai nauyin cokali biyu. A yi nisan taku 70 daga ruwa, da hanya, da makwanci, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a gama a rufe. Wanda ya yi amfani da takarda ya ƙulle ta a leda ya sauko da ita, don a sanyin sama ba ta ruɓewa da wuri, kuma babu abin da ya fi ɓata rai kamar ka ɗaga dutse za ka danne igiyar tanti ka tarar da ajiyar wani. Ni gora daban nake warewa don wannan, ba ta haɗuwa da ta sha. Sannan sabulu a hannu, kowane lokaci. Ciwon cikin da ake ɗora wa ƙorama, sau da yawa daga hannu ya fito.

Wanka na tukunya ne. A ɗebi ruwa a yi nesa da ƙorama, a goge jiki da ƙyalle. Ba a sa sabulu a tafki. Wankan gaske sai an sauka gari, ko a ɗakunan kwanan matafiya da ke kan hanya, inda a wasu za a ba ki kwabon ƙarfe ki jefa, ruwan zafi ya zubo na 'yan mintuna ya ɗauke, ko da kumfa a kanki. Bayan kwana 10 mutum yakan daina jin warin kansa. Abin da yake fara ji shi ne ƙamshin sabulun masu yawon yini ɗaya, tun suna nesa. A nan nake gane titin mota ya kusa.

Tambaya: Baba, ba ka tsoron namun daji? An ce akwai beyar a can. (Wata 'yar sakandare)

Amsa: Akwai, 'yata, ƙattin dabbobin dawa ne masu yawan gashi da farata. Sun kusa ƙarewa, sai aka fara kawo wasu daga ƙasar Silobeniya a 1996, yawancinsu yanzu suna yankin Ariège na Faransa, inda har yau makiyaya ke fushi da zamansu, za ki ga an rubuta hakan da fenti a kan titi. Na ratsa yankin kwana da kwanaki ban ga ko sawunsu ba. Wanda na gani ido da ido shi ne farin karen makiyaya da suke kira patu, ƙato kamar ɗan maraƙi, wanda ke kwana cikin tumaki yana gadinsu. In ya taso yana haushi, ki tsaya cak, kada ki gudu, kada ki ɗaga sanda, kada ki zuba masa ido. Ya shinshina ya gane ba tumakinsa kika zo ɗauka ba, sai ki kewaye garken daga nesa. Kaska ma ki duba jikinki kowane dare, ta fi beyar yawan kai mutane asibiti.

Abin da ya tsorata ni da gaske sama ce. Wata rana na yi nawa, na tsaya shan shayi na biyu, ban bar makwanci ba sai ƙarfe 9. Ƙarfe 3 ta same ni a kan doron dutse, babu itace babu bukka. Ana ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa, kowane 3 kilomita ɗaya ne. Na ƙirga 15, na ƙirga 9, na ƙirga 4. Na yar da sandunan ƙarfena, na gangara gefe da gudun da ban san ina da shi ba, na tsuguna a kan jakata na haɗe ƙafafu. Sai ƙanƙara. Cikin minti 20 yatsuna suka kasa jan zif ɗin jaka, a watan Yuli. Jiƙa da iska in sun haɗu suna iya kashe mutum da sanyi ko babu dusar ƙanƙara. Na jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe, na koma na tsinci sandunana, na sauka ina rawar ɗari. Ban sake shan shayi na biyu ba.

Ki riƙe waɗannan: lambar gaggawa a Turai 112 ce, alamar neman agaji a dutse kuma busa usur sau 6 a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a sake.

Tambaya: Yaya ake cajin waya? (Masu karatu da dama)

Amsa: Ana kashe mata sabis, a kunna sau ɗaya a yini a kan mashigi, inda aka fi samun layi. Ɗan batirin ajiya guda yana kai ni gari na gaba. Da dare waya da batir su kwana cikin buhun barci, sanyi yana zuƙe su. Kafin ka shiga inda babu layi, ka gaya wa wani a gida ranar da zai ji ka, da abin da zai yi in bai ji ba.

Tambaya: Malam, tsakani da Allah, ba ka taɓa jin ka fasa ba? Kaɗaici bai dame ka ba? (Wani ma'aikacin banki)

Amsa: Na ji, ɗan'uwa, kuma ba ni kaɗai ba. A hanyar Afalachiya ta Amurka, mai kimanin kilomita 3,500, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe a cikin masu niyyar gamawa. Ba kuma ƙarfi ke raba su ba. Wata Ba'amurkiya, Emma Gatewood, tana da shekara 67 ta gama ta ita kaɗai a 1955, da buhu a kafaɗa da takalmin kambas.

Tawa ranar ta zo a Ariège, bayan na haura wata guda. A can hanya ba ta da tausayi, ka hau mita 1,000 ka sauke su, gobe ka sake, kantuna kuma sun yi nisa da juna. Aka yi kwana 3 ana ruwa. Komai nawa ya jiƙe in ban da kayan barci. Na kwana a wata bukkar makiyaya da aka bari a buɗe don matafiya, ɓeraye suka huda mini ledar burodi. Da asuba na zauna ina kallon jiƙaƙƙen takalmina, na ce wai ni wa ya aike ni? Babu abin da ke ciwo sosai. Na dai gaji da naɗewa da warwarewa, da kuskus, da fenti fari da ja.

Na ce wa kaina na yarda a fasa, amma ba yau ba, sai na ƙoshi na bushe tukuna. Na sauka ƙauyen Aulus-les-Bains na kama ɗaki, na wanke kaya, na ci abinci sau biyu a zama ɗaya, na yi barcin awa 13. Washegari ban taka ko'ina ba. Rana ta uku gari ya waye tas, na ga hannuna yana haɗa jaka ban ma shawarce shi ba. Tun daga nan duk kwana 7 ko 8 nake ware yini guda na zama, abin da ya kamata in fara tun farko.

Kaɗaici kuwa bai kai yadda ake zato ba. Mutanen da kuka tashi a mako ɗaya za ku yi ta haɗuwa kuna rabuwa, ka wuce su suna shanya tanti, su wuce ka kana ɗaure ƙafa. Ba ka san aikinsu ba, amma ka san wace gwiwa ke damun kowa. Zuciya ma tana sauyawa. Makon farko lissafin gida take yi da tsofaffin rigingimu. Daga baya wata waƙa guda ta maƙale maka kwana uku. Daga baya kuma sai shiru, ka yi awa biyu babu abin da ke kanka sai inda za ka sa ƙafa.

Daga kan dutsen Canigou na fara hango Bahar Rum, amma sai da na ƙara kwanaki kafin in taɓa shi. Na shiga Banyuls da tsakar rana, bakin teku cike da masu shan iska, babu wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Na cire takalmi na tsoma ƙafa, gishiri ya shiga inda farce ya fita, na yi tsalle na fito. Daren na kwana a kan gado mai laushi, na kasa barci sai da na sauko ƙasa. Ƙarfe 5 da rabi na farka ina lalube, ina neman zif ɗin tanti a jikin bango.